Ranar da Mma Adjara Ta Yi Waƙa

Abdul-Rahman ya yi shekaru yana tuƙa tasi a birnin New York kafin Allah ya ba shi ikon ɗauko mahaifiyarsa daga Kumasi. Mutumin zango ne, ya shigo Amurka a ƙarshen shekarun tamanin, ya kama gida a wani dogon bene da ke kan titin Grand Concourse a unguwar Bronx, shi da matarsa Habsatu. A ɗan masallacinsu shi ake turawa gaba in liman bai zo ba. In kuma aka tashi yabon natsuwarsa sai a ce ai ɗan Malam Hamidou ne, a gida ya samo.

Marigayi Malam Hamidou kuwa duk zangon Kumasi an san shi. Mai sayar da goro ne, mai yawan azumi, ba ya son hayaniya. Rediyon gidansa ba ya buɗuwa sai lokacin labarai, kuma ana gama labaran, kafin a sako kiɗa, ya riga ya miƙa hannu ya murɗe. Matarsa Hajiya Adjara, wadda 'ya'yanta ke kira Mma, ta fi shi shiru. Abdul-Rahman bai taɓa jin ta yi ko waƙar daka ba. In an je biki, can nesa da makaɗa take shimfiɗa tabarmarta, tana jan carbi. Turanci kuwa, ko gidan waya za ta je sai ta nemi wanda zai raka ta ya yi mata tafinta.

Ta iso New York da bazarar 1994 don a duba mata ido. Ba a kai ga yin aikin idon ba, wata safiya Habsatu ta shiga kicin ta tarar da ita a ƙasa, kofin shayi ya kife a gefenta. Likitoci suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama da ƙafar dama suka daina aiki, magana kuma ta ɗauke gaba ɗaya. Tana gane kowa, tana bin mutum da ido, amma in ta buɗe baki ba abin da ke fitowa sai "to, to". Da aka sallame ta daga asibiti sai aka mai da ita wani gidan jinyar tsofaffi da ba shi da nisa da su, inda ake gasa mata jiki ana kuma koya mata magana. Watanni suka shuɗe, "to" ɗin nan dai ita ce.

Wata Lahadi bayan azahar Abdul-Rahman ya ajiye mota ya hau wurinta da 'yar kula ta kunu. Ya tarar da gadon a gyare, ba kowa. Ya fito da sauri ya tare wata nas, ta yi murmushi ta ce kada ya damu, an gangara da su babban falo na ƙasa, yau ranar makaɗa ce.

"Makaɗa?" ya ce. "Wa ya ce a kai ta wurin makaɗa?"

Bai tsaya jin amsa ba. Tun daga lifta ya fara jiyo busa. Da ya tura ƙofar falon sai ya ga tsofaffi cike da ɗakin, an jera su a kujerunsu masu taya, galibinsu Turawa da baƙaƙen Amurka. A gaba ga wasu dattawa sanye da baƙaƙen kwat da suka sha guga, kowa da ƙahonsa na tagulla, ɗaya a kan ganguna, wani siririn Bature mai farin gashi a gaban fiyano. Kiɗan zamanin yaƙin Hitila suke yi, irin wanda ƙahoni ke tashi tare su sauka tare. Mutanen da kullum yake wucewa a baranda suna gyangyaɗi, yawu na zuba, yau ga su suna kaɗa kai. Wata tsohuwa ta riƙe hannun nas suna juyawa a hankali. Wani mai ƙafa ɗaya yana buga hannun kujerarsa daidai da ganga.

Ya hango Mma can gefe kusa da taga, da farin mayafinta. Ya fara ratsawa tsakanin kujeru don ya fitar da ita. A daidai lokacin makaɗan suka sauya zuwa wata mai sanyi, mai fiyano ya taɓa 'yan sautuka, ƙahoni suka yi ƙasa da murya, sai wata mace ta ɗauki waƙa.

Murya ce mai kauri da laushi, ba ta gaggawa, tana jan kalma har sai ka ɗauka ta ƙare sannan ta ɗan karkaɗa ta ta saki. Da Turanci ne, waƙar mace da ke jiran sojanta ya dawo. Abdul-Rahman ya duba gaba ya ga ba mace a cikin makaɗan. Ya ɗauka faifai aka sa. Sai ya lura mutane suna juyowa ɗaya bayan ɗaya, duk suna kallon wajen taga. Shi ma ya juya.

Mma ce. Idanunta a lumshe, ta ɗaga haɓa, hannunta na hagu yana yawo a iska a hankali, bakin nan da ya karkace yana fitar da kalmomi tiryan-tiryan ba tuntuɓe.

Kular kunun ta suɓuce daga hannunsa. Ya yi mutuwar tsaye, yana kallon matar da ta haife shi kamar yau ya fara ganin ta. Abin da ya fara zuwa ransa shi ne iskoki ne suka shiga jikinta. Ya fara karanto addu'a a zuci, amma ko rabinta bai kai ba ta kuɓuce masa, saboda muryar ba ta yi kama da ta mai taɓin aljanu ba. Muryar wadda ta san abin da take yi ce. Ta san inda za ta jira ƙaho ya gama, ta san inda za ta shigo. Mai fiyano ya miƙe rabin tsaye don ya hango ta, hannunsa bai bar bugu ba, ya yi wa sauran alama su ƙara yin ƙasa. Nas ɗin da ke koya mata magana ta toshe baki da hannu biyu.

Da baitin ya ƙare, ɗakin ya kaure da tafi. Wani tsoho ya yi fito. Tafin nan ne ya dawo da Abdul-Rahman cikin hayyacinsa, kunya ta rufe shi. Uwarsa, Hajiya, matar Malam Hamidou, ana yi mata fito. Ya isa wurinta a fusace, ya kama kujerar ya juya ta zuwa ƙofa.

"Mma, mu tafi," ya ce. "Mu tafi ɗaki."

Ta buɗe ido. Ta kai hannunta mai lafiya ta riƙe tayar kujerar, ya ture. A bakin lifta ta waiwayo ta ɗaka masa duka a bayan hannu, dukan da rabonsa da irinsa tun yana yaro. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai "to, to" ɗin nan. Hawaye suka gangaro mata.

Ya kwantar da ita, ta juya fuska ga bango. Ya zauna har la'asar ba ta waiwayo ba.

A gida ya kasa cin abinci. Habsatu ta saurari labarin tana tsaye da ludayi a hannu, ta ce, "Mma? Mmanmu? Baban Yusra, ka tabbata ba wata ce a bayanta ba?"

"Da idona na gani. Bango ne a bayanta."

"Da Turanci?"

"Turancin da ni mai yawo da Turawa a mota kullum ban iya ba."

Habsatu ta zauna. Ta ce, "To kai me ya sa ka fitar da ita? Wata nawa muna roƙon Allah ya buɗe bakinta?"

"Da wannan muka roƙa ya buɗe?" ya ce da zafi. "Da salati ne ya fito, da na yi yanka. Amma waƙar soyayya, gaban maza?"

Ta tashi ta koma kicin da ludayinta. Kwanakin da suka biyo baya Mma ta rage cin abinci. In Habsatu ta kai cokali bakinta sai ta karɓa kaɗan, in shi ne sai ta datse haƙora. Nas mai koyar da magana ta tare shi a baranda ta yi masa bayani cewa an saba ganin haka, wanda magana ta ɗauke masa ya iya waƙar da ya sani tun da can, don ba hanya ɗaya suke bi a ƙwaƙwalwa ba. Ta ce in aka bar ta tana yi, ana iya jawo magana ta wannan hanyar. Ya ce ya ji. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne "tun da can". Wane can? Shi ne ɗanta na fari, ya san ta shekara arba'in da wani abu.

Habsatu ce ta ce masa, "Wa ya rage a duniya da ya san Mma tun tana budurwa? Ka je wurin Maame Abena."

Maame Abena ƙawar Mma ce tun ƙuruciya a Accra, Kirista, amma a bakin Sabon Zango ta tashi, Hausa kamar a bakinta aka yi ta. Tana zaune a Park Hill wurin 'yarta, ciwon gwiwa ya hana ta fita, sai dai ta bugo waya ta tambayi jiki. Da safe Abdul-Rahman ya bar mota, ya shiga jirgin ƙasa har ƙarshen Manhattan, ya hau jirgin ruwa ya tsallaka Staten Island, ya kama bas.

Ya same ta a falo ta miƙe ƙafafu a kan matashi. Bayan sun gaisa ya rasa ta inda zai fara. Daga ƙarshe ya ce, "Maame, Mma ta yi magana. Ba magana ba... waƙa ta yi."

Tsohuwar ta dafe ƙirji. "Ei! Wacce?"

Tambayar ta fi komai girgiza shi. Ba ta ce ƙarya ne ba, ba ta ce ta yaya ba. Wacce ta ce. Ya ce bai san sunanta ba, ya ɗan kwatanta yadda take tashi. Maame Abena ta ɗauka daga inda ya tsaya da tata murya mai rawa, ta yi layi biyu, sai ta fashe da dariya, dariyar ta koma kuka. Ta share ido da gefen zane.

"Zauna da kyau, ɗana," ta ce. "Ubanka ya rasu, kakanka ya rasu, ita kuma da bakinta ta buɗe. Ba ni na fara ba."

Ta ce lokacin yaƙi Accra ta cika da sojojin Amurka da na Ingila, jirage suna sauka suna tashi ba hutu. Adjara tana 'yar shekara goma sha bakwai take kai ƙosai da koko ƙofar barikinsu. Sojojin suna da garmaho a ɗakin cin abincinsu, kullum faifan nan na mawaƙan mata ne ke juyawa, ana jiyowa har waje. Yarinyar kuwa kunne gare ta. In ta ji waƙa sau biyu ta ɗauke ta ke nan, har da inda mawaƙiyar ke jan numfashi. Ba ta san ma'anar rabin kalmomin ba a lokacin, daga baya ta koya.

"Yayana yana da ƙungiyar makaɗa, suna yi wa sojoji wasa a kulob ranar Asabar. Wata rana ya zo sayen ƙosai ya ji ta tana yi ƙasa-ƙasa. Ya manta da ƙosan. Ni ya turo in lallashe ta. Ni kuma na ɗinka mata rigar farko, doguwa har ƙasa, da yadin lemar da sojoji ke dirowa da ita daga jirgi. Fari ƙal, yana sheƙi. Abdu, in uwarka ta tsaya gaban makirfo a cikin rigar nan, ƙartin maza masu shirin tafiya bakin daga sai ka ga sun kifa kai a tebur suna kuka. Matansu suke tunawa, da iyayensu mata. Wasu ba su koma gida ba, muryarta ce ta ƙarshe da suka ji ta mace tana waƙa."

Abdul-Rahman ya riƙe hannun kujera. Da ƙyar ya ce, "Baba ya san wannan kafin ya aure ta?"

Maame Abena ta dube shi kamar ya yi tambayar yara. "Hamidou? Ai a bayanta yake tsayawa. Shi ne mai busa ƙaho."

"Wane Hamidou?"

"Ubanka mana. Daga ƙasashen da Faransi ke mulka ya gangaro, ya taɓa busa begila a soja can wurinsu. Duk ƙungiyar ba mai huhunsa. In ya ɗaga ƙahon nan sama ya lumshe ido, har masu gadi a waje sai sun leƙo."

Abdul-Rahman ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba. Ya je bakin taga ya dawo. "Innalillahi," ya ce. Ya sake cewa. Yana ƙoƙarin ɗora ƙaho a bakin mutumin da ya sani, mai farar jallabiya da tabon sallah a goshi, hoton ya ƙi zama. "Maame, mutumin da ko fito aka yi a gidansa sai ya yi faɗa?"

"Shi ɗin."

Ta ce sun yi kusan shekara biyu a ɓoye, Adjara tana cewa a gida wurin Abena za ta kwana. Ana dab da gama yaƙi labari ya kai kunnen mahaifinta, wanda yake ladanin unguwa. Aka yi tashin hankali. A cikin rikicin ne Hamidou ya sa babbar riga ya je ya durƙusa ya ce yana son ta da aure, ita ma ta ce shi take so. Bayan kwanaki tsohon ya amince da sharaɗi: ita kada ta ƙara waƙa gaban mutane, shi kada ya ƙara busa. Suka yi masa alkawari. Hamidou ya sayar da ƙahon ya sayi huhun goronsa na farko, suka koma Kumasi inda ba wanda ya san su.

"Ka san yadda yake kashe rediyo," in ji ta. "Ba ƙin kiɗa yake yi ba. Uwarka ce ba ta iya jin waƙa ta yi shiru, sai bakinta ya bi. Shi ya sa yake riga ta. Taimakon ta yake yi."

"Shekara hamsin," Abdul-Rahman ya ce a hankali.

"To, ba duka ba." Ta yi 'yar dariya. "Kakanka waƙa da busa ya hana, bai ce komai a kan saurare ba. In sun zo Accra sarin kaya, ɗakina suke sauka. In rufe ƙofa, in ɗauko garmahon yayana. Su zauna gefen gado suna ji, yatsun ubanka suna motsi a kan gwiwarsa kamar ƙahon na nan. In abin ya kai musu, su tashi su taka a hankali. Kai kana goye a bayana kana barci."

Bai san yadda ya yi mata sallama ba. A jirgin ruwa ya tsaya a waje, iska na dukan fuskarsa, dogayen benayen Manhattan suna matsowa. Ya rasa abin da yake ji. Akwai haushi a ciki, don an bar shi ya girma yana alfahari da mutanen da rabinsu kawai ya sani. Akwai kuma tausayi, in ya tuna Mma can ƙarshen tabarma a gidan biki, carbi a hannu, leɓɓanta a datse. Da yana ɗauka tsoron Allah ne kawai. Yanzu ya ga har da riƙon alkawari, kuma bai san wanne ya fi wuya ba.

Ya faɗa wa Habsatu komai. Ta yi ta salati tana tafa hannu, da ya zo kan Malam Hamidou da ƙaho sai ta zame ta zauna a ƙasa. Da ta dawo daidai ta ce, "Wanda aka yi wa alkawarin ya koma ga Allah, kuma ta riƙe masa har ƙarshen ransa da bayan ransa. Yanzu magani ne. Ka je ka ba ta haƙuri."

Washegari ya je. Ya durƙusa a gaban gadon kamar yadda yake gaishe ta a Kumasi, ya ce, "Mma, na je Park Hill. Maame Abena tana gaishe ki." Ta juyo da sauri ta zuba masa ido. Ya sunkuyar da kai. "Ki yafe mini abin da na yi ranar nan. Ban sani ba."

Ta daɗe tana kallon sa. Sannan ta miƙo hannun hagu ta dafa kansa. Ranar ta sha kunu daga hannunsa.

Lahadi ta zagayo, shi da kansa ya tura kujerar zuwa falo. Bai kai ta gaba ba, bai kuma iya zama ba, sai ya jingina da bango kusa da ƙofa yana kallon takalminsa. Mai fiyano yana hango ta ya bar kujerarsa ya zo ya rusuna ya gaishe ta, ya sa aka matso da ita kusa da shi, ya sauko mata da makirfo daidai bakinta. Ta yi waƙa uku a ranar. A ta ƙarshe, mai saurin tashi, nas-nas 'yan mata da ba a haifi iyayensu ba lokacin yaƙin suka shigo daga baranda suna rausaya. Abdul-Rahman ya ɗaga kai sau ɗaya ya ga Mma tana murmushi da rabin fuskarta mai motsi, wani irin murmushi na 'yan mata da bai san tana da shi ba. Ya mai da kai ƙasa.

Bayan an tashi mai fiyano ya same shi ya tambaye shi a ina ta koyi wannan. Ya ce a Accra, lokacin yaƙi. Tsohon ya girgiza kai yana maimaita sunan garin. Ya ce shi a Italiya ya yi nasa yaƙin, faifan nan su ma su suke ji a cikin laka. Ya ce ya yi wa mawaƙa mata da yawa kiɗa a rayuwarsa, kaɗan ne suka san yadda ake jira kamar ita.

Daga nan nas mai koyar da magana ta shiga aiki. Ta kawo kaset na waƙoƙin, tana sa Mma ta ɗora kalmomin yau da kullum a kan karin da ta sani. Abdul-Rahman ya shiga wani shagon kaset a Fordham yana tunanin sai an tona kafin a samo irinsu, sai ya ga kanta guda cike, an sake buga su sababbi fil. Ya sayi biyu, ɗaya na Mma, ɗaya ya ce na gwaji ne a mota. In ba fasinja yakan sa shi ƙasa-ƙasa yana sauraron mai ƙaho, yana tambayar kansa ko haka Baba yake yi. Wata rana ya manta bai kashe ba wata tsohuwa ta shiga, ta roƙe shi ya ƙara murya, ta yi ta bi har suka isa, ta sauka tana share ido. Wata ranar kuma saurayi da budurwa ne suka ce ya bar musu kiɗan ya ci gaba.

Magana ba ta ɓuya a Bronx. Wata 'yar Kumasi da ke aiki a gidan jinyar ta kai labari, ya zaga. Ranar wata Juma'a bayan an idar wani dattijo mai suna Zailani ya ja shi gefe ya ce ya ji wata magana da bai yarda da ita ba. Abdul-Rahman ya ce gaskiya ne, likitoci ne suka ce a bari. Bai ambaci Accra ba, bai ambaci ƙaho ba. Zailani ya shafa gemu, ya ce Allah ya ba ta lafiya, ya tafi. Wasu sun ɗan ja baya da shi na wani lokaci, wasu matan kuma suka fara neman Habsatu ta raka su dubiya ranar Lahadi.

Da sanyi ya shigo, wata rana da hantsi yana zaune yana ba ta abincin gidan, dafaffen dankali da aka dama da wani farin nama. Ta kau da kai. Ta ɗan yi gunji a maƙogwaro tana neman kari, sannan ta rera, a hankali, da Hausa:

"Abdu... abincin nan... ba gishiri."

Cokalin ya tsaya a hannunsa. "Mma? Me kika ce?"

Ta sake ɗaukar karin. "Habsatu... ta kawo tuwo... da miyar ayoyo."

Ya fita baranda da gudu yana kiran nas, ya dawo, ya sake fita neman waya. Habsatu ta ɗauka ta ji yana kuka, ta yi zaton mutuwa ce ta fasa ihu, sai da ya yi ta maimaita mata cewa tuwo ake so.

Ƙafar ba ta dawo ba, hannun ma haka. Maganar ta dawo rabi, kuma kullum da ɗan kari a cikinta, ko ruwa za ta nema. Sun dawo da ita gida, amma duk Lahadi sai an kai ta wurin makaɗan. Sau ɗaya 'yar Maame Abena ta kawo uwarta a mota, tsofaffin biyu suka riƙe hannun juna tun daga farkon wasa har ƙarshe. Abdul-Rahman ya so ya tambayi Mma abubuwa da yawa game da mahaifinsa, amma duk lokacin da ya ɗauko zancen sai ta yi murmushi ta ce, "Malam... mutumin kirki," ta tsaya nan. Da ya buga waya Kumasi ya gaya wa ƙannensa, babbar ƙanwarsa ta ce Amurka ta taɓa masa kai, ta ajiye waya.

Mma Adjara ta rasu a farkon 1996, da rana, tana kishingiɗe a falo. Aka yi mata sutura a nan. Ranar addu'ar bakwai masallacin ya cika, 'yan Ghana da 'yan Nijar da 'yan Najeriya, ana ta miƙa faranti na shinkafa da wake. Ana cikin haka sai ga wani siririn tsohon Bature a bakin ƙofa, da baƙin kwat, hularsa a hannu. Ya ga takalma a jere, ya sunkuya da ƙyar ya kwance nasa. Ya shigo da safa yana neman inda zai zauna, mutane suka matsa masa, ya lanƙwasa gwiwoyinsa a kan darduma kamar za su karye. Masallacin ya yi tsit.

Liman ya karkato wajen Abdul-Rahman ya tambaye shi a hankali, "Malam Abdu, wannan baƙon fa? Likitanta ne?"

Abdul-Rahman ya dubi tsohon, ya dubi jama'ar da duk suka kasa kunne.

"A'a, Malam," ya ce, da muryar da kowa zai ji. "Abokin aikin Mma ne."

Ya tashi ya ɗauko faranti ya kai masa da kansa.